Yadda Ake Riƙe Saƙa a Lokacin Jinya, Hidimar Iyali da Gyaran Gida

Akwai shekarar da abubuwa suka taru suka yi mini rubdugu. Mahaifiyata ta kwanta asibiti, rufin ɗakinmu ya fara yoyo har sai da aka ɗaye silin gaba ɗaya, ana sallamo ta kuma ni ma ciwo ya kayar da ni. Sai bayan wata huɗu na samu sukunin janyo jakar saƙata daga inda aka cusa ta ranar da masu aiki suka zo. Suwaitar da nake yi wa ɗana na tarar a tsakiyar layi, kibiya ɗaya ta zare, ido wajen ashirin sun sulluɓe sun yi ƙasa. Takardar da ke naɗe jikin zaren ta ɓata, ban san a layi na nawa na tsaya ba, ƙurar filasta kuma ta shige ko'ina. Yaron kuwa ya ƙara tsawo. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin barcina na riƙa ragewa ina wannan aikin.

Tun daga nan na sauya yadda nake tafiyar da saƙa. Na gano cewa saƙa tana iya jiran mutum wata shida ko shekara ba abin da ya same ta, muddin an ajiye ta yadda za a iya ɗauka a ci gaba. A kan wannan duk matakan nan suka ginu. Saƙar kibiya nake nufi, amma mai kwarashi ma za ta samu abin ɗauka. Madaukan da ke jere a kan kibiya su ne zan riƙa kira ido.

Mataki na farko: zazzage komai a gabanki

Ki samu ranar da jiki ya ɗan yi dama, ki shimfiɗa zane mai tsabta, ki fito da duk saƙar da kika fara ba ki gama ba. Ki ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ki tambayi kanki: wa nake yi wa wannan, har yanzu zai shige shi, kuma zaren da ya rage zai ƙarasa? Daga amsar sai ki kasa su uku. Akwai waɗanda za ki ci gaba da su yanzu, akwai waɗanda za su kwanta sai hankali ya dawo, akwai kuma waɗanda za a warware.

Kashi na ukun nan ne mutane suka fi jin nauyi, alhali shi ya fi sauƙaƙa zuciya. Rigar jaririn da yanzu yake gudu a tsakar gida ba ta da sauran amfani a kan kibiya, sai dai ta riƙa tuna miki abin da ba ki yi ba. Ki zare kibiyar, ki ja zaren a hankali kina naɗe shi a bayan kujera har ya zama babban zobe, ki ɗaure zoben wuri huɗu da guntun zare don kada ya cukurkuɗe. Zai fito a nannaɗe, ya yi ƙudundune. Ki jiƙa shi cikin ruwa mai ɗan ɗumi na minti ashirin, ki danne ruwan cikin tawul ba tare da murɗawa ba, ki rataye shi a inuwa. Idan ya bushe zai miƙe, ki dunƙule shi ki ajiye. Zare mai yawan gashi ne kaɗai ke gardama wajen warwarewa, saboda gashinsa yana kama juna. Shi sai da haƙuri, ido ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na biyu: lissafi kafin alkawari

Ki duba agogo ki ƙirga ido nawa kike saƙawa a minti ɗaya, a saƙa mai sauƙi, ba da gaggawa ba. A ce kin samu 20. Suwaitar babban mutum da zare matsakaici, irin wanda ido 18 da layi 24 ke ba da santimita 10 a kowane gefe, tana cin ido wajen 38,000. Wato minti 1,900, kusan awa 32. Idan rabin awa kike samu a rana, wata biyu ke nan da 'yan kwanaki, ban da haɗa hannuwa, ban da gyaran kuskure, ban da ranakun da ko taɓa jakar ba za ki yi ba. Hular ƙaramin yaro mai ido 80 da layi 45 kuwa awa uku ta ishe ta. A lokacin jinya ko gyaran gida, duk abin da lissafi ya ba ki, ki ninka shi biyu.

Wannan lissafin shi zai hana ki ɗaukar alkawarin da zai zame miki kaya. Idan kin riga kin ɗauka, ki faɗa da wuri. Ni da bakina na ce wa yayar maigidana: "Yaya, ki yi haƙuri, bargon nan ba zai samu kafin haihuwar ba. Hula da safa zan kawo yanzu, bargon ya biyo baya in Allah ya yarda." Ba ta ji haushi ba. Abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne a yi shiru sai ranar ta zo. Mai saƙa don sayarwa ita ma haka: ta kira mai kaya tun da sauran lokaci, ta ba shi zaɓi, ko ya jira ko ta mayar masa da abin da ya bayar.

Zare ma ana lissafa shi. Ki auna dunƙulen a ƙaramin sikeli, ki saƙa layi goma, ki sake aunawa. Idan layi goma sun ci giram 4, saura layi 80 kuma giram 38 ke hannunki, to giram 32 kike bukata, zai kai. Idan ba zai kai ba, gara ki sani yau tun ana iya samun irinsa.

Mataki na uku: saƙa uku, kowace da ranarta

Kada ki zaɓi saƙa bisa wadda kike ɗokin gani an gama. Ki zaɓa bisa irin ranakun da kike ciki, domin ranaku ba ɗaya ba ne. Akwai ranar da kai ke juyawa, akwai ranar zaman jira a kan benci, akwai kuma daren da kowa ya yi barci hankalinki na jikinki.

Ta farko ita ce saƙar ranar rauni. Saƙar gaba zalla, wato salon ido mafi sauƙi da ake fara koya, layi bayan layi, ba ƙari ba ragi, ba ƙirga: ƙyallen wuya, ko murabba'ai ƙanana waɗanda daga baya za a harhaɗa su zama bargo. Murabba'an nan ina son su sosai a lokacin ciwo, saboda kowane ɗaya yana ƙarewa cikin zama ɗaya ko biyu, mutum ya ga ya kammala wani abu a ranar da ko shara bai iya yi ba. Zaren ya kasance mai haske, don ido ya fi ganuwa a jikinsa, kibiya kuma matsakaiciya, milimita 4 zuwa 5.

Ta biyu saƙar jaka ce, ƙarama, dunƙule ɗaya, wadda za a iya tura ta cikin jaka da zarar an kira suna. Hula ko safa. Giram 100 na siririn zaren safa yana fitar da safa ƙafa biyu ta babba, kuma ba ya cin wuri. A yi ta a kan kibiya mai igiya, wato kibiya biyu da siririyar igiya ta haɗa gindinsu, don ido ba ya saurin zubewa kuma ba ta tsokanar wanda ke zaune kusa da ke.

Ta uku ita ce wadda ranki ke so, mai ado, mai ƙirga. Ita ba a fito da ita sai an samu natsuwa, ko da sau ɗaya ne a mako. Kada ki kai ta asibiti, kada ki taɓa ta bayan kin sha magani mai sa barci. Sauran duka su kwanta. Kuma har sai ɗaya daga cikin ukun ta sauka daga kibiya, kada a ɗora sabuwa.

Mataki na huɗu: yadda ake ajiyewa

Nan ne zancen yake, don haka zan daɗe a kai.

Kowace saƙa ta samu jakarta mai zif, ita kaɗai. A ciki akwai saƙar, zarenta duka, kwafin tsarin da kike bi, fensir, da kati ɗaya. A kan katin ki rubuta wanda ake yi wa da awonsa, ranar da kika ɗauki awon, girman kibiya, ido nawa kika ɗora a farko, da duk wani sauyi da kika yi wa tsarin da kanki. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa. Kin ƙara layi shida a hannun dama don yaron dogo ne, bayan wata uku kin zo hannun hagu ba ki tuna ba, sai hannuwa su fito ɗaya ya fi ɗaya.

Takardar da ke naɗe jikin zare kada ki yar da ita, ki maƙala ta jikin katin. A kanta aka rubuta irin zaren, nauyinsa, tsawonsa, yadda ake wanke shi, lambar launi da lambar rini. Lambar rini ita ce ke nuna zaren da aka rina tare. Dunƙule biyu masu launi ɗaya amma lambar rini daban suna iya bambanta kaɗan, bambancin da ba ya fitowa a hannu sai an saƙa, a ga layi ya ratsa ƙirjin riga. Idan dole ta sa kin haɗa su, ki riƙa yin layi biyu da tsohon, layi biyu da sabon, na tsawon 'yan santimita, sai bambancin ya narke. Ki kuma ɗauki hoton takardar da katin a wayarki.

Duk lokacin da za ki tashi, in da hali ki ƙarasa layin da kike kai, ki rubuta lambarsa. Kuma ki tsayar wa kanki ƙa'ida guda: lambar da ke kan kati ita ce layin da kika gama, ba wanda za ki fara ba. Na taɓa warware santimita goma saboda wannan ruɗanin kaɗai. Idan kuwa kuka aka yi ko wani abu ya faɗi kika jefar da saƙa a tsakiyar layi, ga yadda za ki gane hanya: kibiyar da zaren dunƙule ke fitowa daga idonta na ƙarshe ita ce ta hannun dama. Ki riƙe ta haka ki ci gaba. In kika juya, gefe ɗaya zai fi ɗaya yawan layi, rami ya fito a tsakiya.

Ki tura idon can ƙasan kibiya, ki toshe bakinta da murfin roba da ake sayarwa don haka, ko ki naɗa ƙaramar robar ɗaure kuɗi a bakin. Kada ki soke kibiya cikin dunƙule, tana tsaga zare.

Ga saƙa mai ado akwai wata dabara da nake kira zaren tsira. Idan kin kai layin da kika tabbatar daidai yake, ki zura siririn zare mai santsi, mai launi daban, a allura mai dakusasshen baki, ki bi da shi ta cikin kowane ido da ke kan kibiya, ki bar jelarsa ta yi tsawo a gefe biyu. Kada ki bi ta cikin zobban alama, wato ƙananan zobban da ake zurawa a kibiya tsakanin ido don nuna wuri, za su maƙale. Ki rubuta lambar layin, ki ci gaba da saƙa kamar ba ya nan. Ranar da kibiya ta zare ko kuskure ya yi yawa, sai ki warware har zuwa wannan zaren, nan warwara za ta tsaya, ki kwashe idon ki mayar kan kibiya. Minti biyar ne aikin. Da na yi shi a suwaitar ɗana, da ban yi asarar abin da na yi ba.

Waɗanda za su yi dogon kwanciya kuwa, ki cire su daga kibiya gaba ɗaya, ki zura idon a kan irin wannan zaren ki ɗaure bakinsa. Ido idan ya daɗe a kan kibiya yana buɗewa ya bar shaida. Sannan za ki samu kibiyar ki yi wani aiki da ita, amma fa ki tabbata girmanta na kan kati.

Mataki na biyar: idan ke ce ba lafiya

Saƙa tana ɗebe kewa a kan gado, tana kwantar da hankali, amma ba ta kai lafiya ba. Ranar da zazzaɓi ya yi zafi ko kai ke sarawa, ki bar ta. Ranar da kika ji dama, ki jingina bayanki da matashi, ki sa wani a ƙarƙashin kowane gwiwar hannu, saƙar ta zauna a cinyarki. Kibiya mai igiya ta fi dacewa a nan ko da saƙar shimfiɗaɗɗiya ce, domin nauyin yana sauka kan cinya maimakon ya rataya a wuyan hannu. Kibiyar itace ko ta gora ba ta da sanyin ta ƙarfe, kuma ba ta da santsi sosai, don haka ido ba ya gudu idan hannu na rawa. Zaren auduga ba ya miƙewa, yana gajiyar da yatsu, ki bar shi sai kin warke.

Duk bayan minti ashirin ko talatin ki ajiye, ki buɗe yatsu, ki juya wuyan hannu da kafaɗa, ki kalli nesa. Idan kika fara jin babban yatsa, manuni da na tsakiya suna dindiris ko suna yi kamar ana tsira allura, musamman da dare, wannan alama ce ta jijiyar wuyan hannu na matsuwa. Ki dakata da saƙa, ki faɗa wa likita. Hannun da aka sa wa allurar ƙarin ruwa kada a yi ta lanƙwasa shi. Bayan tiyata, musamman a hannu, kafaɗa, ƙirji ko ido, ki tambayi likita kai tsaye yaushe za ki iya komawa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: hannu yana sauyawa da halin da mutum ke ciki. Mai damuwa tana matse zare, mai kasala tana sake shi. Rigar da aka fara cikin lafiya aka ci gaba cikin ciwo tana iya fitowa sama a sake, ƙasa a tsuke. Shi ya sa na ce duk abin da sai ya zauna daidai jiki a bar shi ya jira, a yi bargo da ƙyallen wuya waɗanda ba ruwansu da awo. Idan ciwon mai yaɗuwa ne, ki wanke abin da kika saƙa kafin ki ba wani, balle jariri.

Mataki na shida: idan ke ce mai jinya

Kafin ki fito da kibiya a ɗakin marasa lafiya, ki tambayi nas. Wasu sassan ba sa yarda da abu mai tsini, kuma ɗakin na'urar hoto ta MRI ba a shiga da ƙarfe ko kaɗan saboda ƙarfin maganaɗisunta. Dunƙule ya zauna cikin jaka, zaren na fitowa ta bakin zif, kada ya gangara ƙasan asibiti. Ki wanke hannu kafin ki ɗauki saƙa da bayan kin ajiye. Zare mai zubar da gashi ki nisanta shi daga mai ciwon numfashi da mai buɗaɗɗen rauni. Da dare kibiyar itace ta fi, ba ta ƙara.

Da zarar likita ya shigo zagaye, ki ajiye saƙa ko a ina kike. Abin da zai faɗa ya fi layin muhimmanci, kuma kin riga kin san yadda za ki gane hanya. Ni bayan katin saƙata na mayar wurin rubuta tambayoyin da nake so in yi masa, tunda kullum yana hannuna.

Idan majinyacin za ki saƙa wa, ki nemi zare mai laushi wanda zai jure wanki akai-akai. Wanda magani ya zubar wa gashi fatar kansa tana da saurin jin ƙaiƙayi, hularsa a yi ta a zagaye ba ɗinki a ciki, kuma ki fara goga zaren a wuyanki ki ji. Safar saƙa tana da santsi a kan tayil, tsoho ko mai jiri kada ya taka ƙasa da ita sai da takalmi. Mahaifiyata takan miƙo hannu ta ce, "Kawo in riƙe miki zaren." Sai in ba ta dunƙulen tana sako mini a hankali. A wasu ranakun iyakar hirar da take da ƙarfin yi ke nan.

Mataki na bakwai: yara da sauran mutan gida

Inda akwai ƙananan yara, jakar saƙa ta hau sama inda hannu ba ya kai. Kibiya tana tsone ido, dogon zare yana iya naɗe wuya, maɓalli da zobban alama kuma baki suke nufa. Kada a bar saƙa a kan kujera ko gado inda wani zai zauna. Kyanwa ma idan ta haɗiye zare yana iya yi wa hanjinta mummunar illa. Kayan jariri ki duba cikinsu ki soke duk wata jelar zare, don silin zare yana iya naɗe ɗan yatsa ya hana jini gudu, kuma kada ki sa igiya a wuyan riga ko hula.

Yaro mai shekara shida ko bakwai yana iya naɗa dunƙule, yana iya ja miki layi a kan kati duk sanda kika ce "na gama". Wanda aka ba aiki ba ya jan zare don neman a kula shi. Kayan yara kuma ki saƙa da girman gaba, in kin iya ki fara daga wuya zuwa ƙasa, don in yaro ya ƙara tsawo a kwance bakin hannu da gindin riga a ƙara.

Game da lokaci, kada ki zauna jiran awa biyu a jere, ba za su zo ba. Minti goma ne ke zuwa: kafin yara su tashi, lokacin da suke aikin makaranta kusa da ke, lokacin jiran mai gyara. Ki faɗa wa maigida da manyan yara a fili cewa rabin awa kaza taki ce. Mai jinya da hidimar gida tana bukatar abu ɗaya da yake nata, kuma wannan ba son kai ba ne.

Mataki na takwas: kafin masu aiki su iso

Zare ya riga kujeru fita daga ɗaki. Ki tambayi mai aikin tun jajibiri: "Malam, don Allah wane ɗaki za ku fara, kuma kwana nawa za a yi ana ƙura?" Duk abin da ya ce, ki shirya wa fiye da haka. Ki zuba zare da saƙar da ke kwance cikin leda mai zif, ledar cikin roba mai murfi, ki rubuta abin da ke ciki a jikin robar ta gefe, ba a murfi ba, don za a ɗora wasu a kai. Ki kai su ɗakin da ya fi nisa da aikin, a kan wani abu mai tudu, nesa da bango mai danshi. Ki tabbata zaren a bushe yake kafin ki rufe, in ba haka ba zai yi fumfuna. Saƙa ukun nan da ƙaramar jakar almakashi, tef ɗin awo, kwarashi da allura su zauna tare da ke, kada su shiga cikin kayan da aka jibge.

Ƙurar siminti da filasta ta fi ƙurar yau da kullum illa. Siminti yana da kaifi irin na soda, kuma ulun gashin tumaki ba ya shiri da wannan. Idan ƙura ta hau saƙa, kada ki fara da ruwa. Ki fita waje ki kakkaɓe ta sosai a bushe, sannan ki ɗauraye cikin ruwa mai sanyi mai yawa, kina sauyawa, ba cuɗawa. Ruwan zafi da cuɗa su ke sa ulu ya cure ya tsuke, kuma idan ya cure ba ya dawowa. Bilic kuwa cinye shi yake yi. Ki naɗe cikin tawul ki danne, ki shanya a kwance. Fentin ruwa yana fita idan an wanke tun bai bushe ba. Fentin mai idan ya kama zare, ki yanke wurin ki haɗa. Ulu yana kuma shan wari, don haka kada ki mayar da shi ɗakin da aka yi wa fenti sai warin ya tafi. Zaren roba ya fi jure wanki, amma narkewa yake yi idan ya ji wuta, ki nisanta shi daga inda ake walda.

Kayan da suka daɗe a rufe cikin duhu su asu ke so. Tsutsarsa ce ke cin ulu, ta fi son wanda ke da gumi ko datti. Idan kika ga zare na tsinkewa wuri-wuri ko wani abu kamar yashi da yana a jikinsa, ki ware shi, ki rufe a leda ki sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri na mako guda, sannan ki wanke robar da ya zauna ciki.

Mataki na tara: komawa

Ranar da gida ya koma daidai, kada ki faɗa wa babbar saƙa kai tsaye. Ki karanta katin. Ki sake auna wanda ake yi wa. Ki saƙa ɗan gwaji da zaren da kibiyar, ki ƙirga ido nawa ke cikin santimita 10, ki gwada da tsohon aikin. Idan hannunki ya ƙara matsewa ki hau kibiya da rabin milimita, idan ya sake ki sauka. Saƙar da ta kwana a kan kibiya ki warware layi ɗaya ko biyu kafin ki ci gaba, don shaidar ta ɓace. Idon da ya zame ki kama shi da fil tukuna, sannan ki sa kwarashi ki hawo da shi ta cikin zarurrukan da suka yi kamar matakalar tsani, ɗaya bayan ɗaya, daga na ƙasa.

Suwaitar ɗana haka na bi da ita. Na kakkaɓe, na ɗauraye, na warware har inda ido ya daidaita, na ƙirga layi daga gindi na rubuta a sabon kati. Shi ta riga ta yi masa kaɗan, sai na rage tsawon hannuwan da santimita huɗu, ƙaninsa ya sa ta lokacin sanyin da ya biyo baya.